Numfashin Ladan

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe 5:10 na yamma

Mun dawo daga asibiti. Wannan littafin na tsara darasin lissafi ne, amma tunda an hana ni magana a gidan nan, bari in yi ta a nan.

Dakta Maryam ta kira ni da Yaya Hashim ofishinta, aka bar Baba a kan benci yana jan carbi. Ta ce hoton CT ya nuna ƙari a jikin fankiriyas, wata 'yar tsoka da ke kwance a bayan tumbi, wadda ni duk karatuna ban san mutum yana da ita ba sai yau. Ƙarin ne ya danne hanyar matsarmama, shi ya sa idon Baba ya koma ruwan ɗorawa. Ta faɗi sunan ciwon. Ba zan rubuta shi ba.

Ta ce ana iya yi masa aiki a cire, amma da sharaɗi guda: sai in bai kai hanta ba. In ya kai, yanka shi wahala ce kawai. To ga wasu ɗigo biyu a hantar, ƙanana ƙwarai, CT ya gan su amma ya kasa tantance ko mene ne. Wataƙila 'yan ƙunshin ruwa ne da mutane da yawa suke tsufa da su ba su sani ba. Wataƙila kuma shi ne. Sai an yi MRI, shi ne mai idon ganin irin waɗannan. Ta ƙara da cewa kada mu ɓata lokaci, irin wannan ciwon ba ya jira.

Muna fitowa Yaya Hashim ya riƙe gefen mayafina.

"Zara, shawara ce. Kin ji ko? Ciwon shawara ne ke damun Baba. In kika faɗa masa, ke kika kashe shi."

A cikin adaidaita Baba ya juyo ya ce, "Uwata, me suka ce?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na ce shawara ce, Baba, ba komai. Ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da jan carbinsa.

Laraba, 9 ga Yuli, ƙarfe 4:30 na yamma

Yau sun zura masa wani ɗan bututu ta baki har cikin ciki don buɗe hanyar da ta toshe. Sun ce idon zai washe, ƙaiƙayin da ke damunsa ma zai ragu, amma ba magani ba ne.

MRI kuwa sai Alhamis ta sama, 17 ga wata. Inji ɗaya ne, layi kuma har na wani watan. Na roƙa, na yi murmushi, na kira mai rubuta suna "ranka ya daɗe" alhali na girme shi. Kwana takwas ɗin dai su ne.

Na kwaso kayana daga Goron Dutse na tare a gidan Baba a Koki. Maigidana ya ce in zauna har abin da Allah ya yi.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan la'asar

Shekara talatin da huɗu Baba yana kiran salla a masallacin unguwarmu, yanzu Malam Ilu tela ne ya karɓa. Bawan Allah yana ƙoƙari, amma numfashinsa gajere ne, kiran nasa kamar yana sauri ya koma kan keken ɗinki. Baba yana kwance a soro yana saurare, fuska a ɗaure.

Tun ina 'yar firamare muke da wani wasa ni da shi. In ya ja "Hayya alal falah" da numfashi ɗaya ina ƙirgawa a cikin gida, in ya dawo ya ce, "Nawa?" in faɗa masa. Ranar da ya fi ja, sakan talatin da ɗaya. Yau da Malam Ilu ya gama, Baba ya ɗaga min gira. Na ce bakwai. Ya yi dariya har sai da ya riƙe cikinsa, daga nan dariyar ta tsaya, hannun bai sauka ba.

Lahadi, 13 ga Yuli, ƙarfe 6:00 na yamma

'Yan dubiya tun safe. Abokan sana'ar Baba, 'yan layin hula na Kasuwar Kurmi, sun zo gaba ɗaya, kowa ya zama likita. Wannan ya ce rake, wancan ya ce ganyen gwanda, wani ya ce a daina ba Malam Ari, wato Baba, mai da gishiri. Duk wanda ya ce "shawara ai ba a wasa da ita," sai in ce haka ne, Allah ya saka da alheri. Na faɗi kalmar shawara yau ya fi sau arba'in.

Inna 'Yardada, yayar marigayiya mahaifiyarmu, ta zo da tukunyar jiƙo, ta ce sau uku a rana. Ita ma ba ta sani ba. Yaya Hashim ya ce in ta sani, kafin magariba Koki ta sani.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan magariba

Gobe. Kada ya ci komai awa shida kafin ƙarfe sha ɗaya. Na faɗa wa kowa, har sau biyu.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe 2:15 na rana

Ba a yi ba.

Na shiga wanka minti goma. Minti goma. Muna gaban mai ɗaukar hoton, wani mai fara'a da ake kira Malam Abdulhakeem, yana tambaya ko akwai ƙarfe a jikinsa, ko haƙorin Makka, ko ya ci wani abu, sai Baba ya ce, "Babu abin da na ci, ɗana, sai kunun gyaɗa kofi biyu." Malam Abdulhakeem ya ajiye biro. Ya ce in akwai abinci a ciki hanji zai yi ta motsi ya ɓata hoton, kuma akwai allurar da za a yi masa a tsakiya. Jira har kunun ya sauka ba zai yiwu ba, bayanmu mutum tara ne.

Da na dawo na tarar da Inna 'Yardada tana tsintar shinkafa hankali kwance. Ta ce, "To ke 'yar nan, kunu abinci ne? Mutum zai je gaban likita da cikin wofi?" Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga Yaya Hashim a bakin ƙofa yana kallona. Me zan ce mata? A wajenta gwajin shawara ne aka ɗaga da mako guda, ba wani abin tashin hankali ba. Na shiga ɗaki na ciji filo.

An ba mu Alhamis mai zuwa.

Asabar, 19 ga Yuli, da hantsi

Ruwa tun asuba, lungunmu ya zama taɓo. Ina makin takardun jarrabawa, na ba wata yarinya maki a kan amsar da ba daidai ba, na soke, na sake ba ta.

Talata, 22 ga Yuli, ƙarfe 5:40 na yamma

Idon Baba ya washe. Ƙaiƙayi ya tafi. Inna 'Yardada tana ta yawo a tsakar gida kamar wadda ta ci kofin duniya, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa tukunyarta. Bututun ne, Inna. Bututun ne. A zuciyata kawai nake faɗa.

Amma wandonsa yanzu sai ya ninka tazuge sau biyu. Wannan babu mai magana a kai.

Alhamis, 24 ga Yuli, ƙarfe 4:50 na yamma

Yau na yi gadinsa kamar ɗan sanda. Ko ruwa sai da izinina.

An shiga da shi. Ni ina zaune a bayan gilashi kusa da Malam Abdulhakeem. Injin wani dogon rami ne fari, aka kwantar da Baba a kan wani siririn gado, aka ɗaura masa wani faifai a ciki, aka toshe masa kunne, gadon ya zarce da shi ciki sai tafin ƙafarsa kawai nake gani. Sai ƙara kamar ana dukan shuɗi a gidan bugu.

Malam Abdulhakeem yana magana ta lasifika: "Baba, ja numfashi. Riƙe. Kada ka motsa." Sakan goma sha takwas kawai ake buƙata kowane zagaye. Ya bayyana min cewa hanta tana hawa tana sauka da numfashi, in ba ta tsaya cak ba, ƙaramin ɗigo sai ya narke a cikin hoton. Na ce a raina, sha takwas? Ai ba ku san wanda kuka samu ba.

Ya maimaita. Ya sake maimaitawa. Fara'arsa ta fara raguwa. Ya nuna min wani layi a allon kwamfuta yana hawa yana sauka, ya ce, "Malama, babanki ba ya riƙewa. Kamar ma magana yake yi." Ya shiga ya yi masa bayani, Baba ya ce to. Aka dawo, layin bai fasa rawa ba. Minti arba'in muka yi. Hoton ya fito kamar an shafa hannu a kan allo kafin tawada ta bushe.

A hanya na tambaye shi cikin haushi me ya hana shi riƙe numfashin. Ya dube ni kamar ni ce marar hankali.

"Uwata, an kwantar da ni, an ɗaure ni, an tura ni cikin rami daidai tsawona da faɗina. Ke ba ki ga abin da ya yi kama da shi ba? Sai in yi shiru a ciki? In wa'adi ya riske ni a nan, da me zan fita? Kalmar shahada nake yi."

Na ce Baba sakan sha takwas ne fa.

Ya ce, "A kan shawara zan bar ambaton Allah?"



Juma'a, 25 ga Yuli, ƙarfe 3:00 na rana

Dakta Maryam ta ce hoton ba ya karantuwa. Likitocin aiki ba za su taɓa shi ba sai sun ga hantar. Ta yi magana da Malam Abdulhakeem, ya matsa mana wuri ranar Alhamis 31 ga wata, amma ya ce in wannan ma ta lalace sai mu koma ƙarshen layi. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ya san abin da ake nema a hoton?" Na ce yayana ya hana. Ta ce, "Yayanki ne zai kwanta a cikin injin?"

Asabar, 26 ga Yuli, bayan la'asar

Na ɗauko agogon waya na ce Baba mu gwada. Ya ja numfashi ya riƙe yana kallona da murmushi. Arba'in da biyu. Arba'in da biyu, a zaune a kan buzu, babu ko gumi.

Na ce to haka za ka yi ranar Alhamis.

Ya ce wace Alhamis? Shi ya warke. Idonsa fari tas, jiƙon 'Yardada ya yi aiki, ranar Litinin ma zai leƙa rumfarsa a Kurmi, an kawo masa sababbin hulunan zanna daga Maiduguri ba wanda ya buɗe. Ramin nan kuwa ba zai sake shiga ba sai na gaskiya.

Ƙaryar da muka yi ta zauna daram, har ta fi ƙarfinmu.

Lahadi, 27 ga Yuli, ƙarfe 5:30 na yamma

Mun yi faɗa ni da Yaya Hashim a zaure, ƙasa-ƙasa, don kada a ji. Faɗan raɗa ya fi na ihu cin rai.

Ya ce zai lallashe shi. Na ce ka lallashe shi da me? Ya ce zai ce masa likita ce ta ce dole. Ya shiga, ya yi ta kewaye-kewaye, Baba yana ta cewa to, to, to. Duk wanda ya tashi a gidan nan ya san wannan "to" ɗin, ba ta taɓa kai kowa ko'ina ba.

Da ya fito na ce, Yaya, zan faɗa masa.

Ya ce, "Kin manta Alhaji na bayan masallaci? Ranar da aka faɗa masa ya juya fuska bango, bai ƙara cin abinci ba. Kwana sha ɗaya ya rasu." Idonsa ya yi ja. Ya ce a gidan mutunci ba a gaya wa babba irin wannan, ɗaukar masa ake yi. Na san ba mugunta ba ce. Shi ne yake fita da asuba ya tsaya a bayan Malam Ilu don kada sahun Baba ya zama babu kowa. Amma na gaji. Wallahi na gaji da ɗaukar abin da ba nawa ba.

Litinin, 28 ga Yuli, da rana

Ya je Kurmi. Ya dawo a adaidaita kafin azahar, ya ce rana ce ta yi zafi. Hadari ne a garin tun safe.

Talata, 29 ga Yuli, ƙarfe 10:20 na safe

Na faɗa masa.

Talata, bayan magariba

Ban nemi izinin kowa ba. Yaya ya fita, Inna tana kicin. Na zauna a bakin buzunsa na ce, "Baba, ba shawara ba ce. Ciwon daji ne." Ga shi na rubuta. Na gaya masa inda yake, na gaya masa zancen ɗigo biyu, da abin da ya sa ake son hanta ta tsaya cak, da cewa in ba ta kamu ba za a yi aiki, in ta kamu ba za a yi ba.

Na zaci zai ce dama ya sani. Har na shirya jin haka, da ya fi min sauƙi. Bai sani ba. Ya daɗe yana kallon carbin da ke hannunsa.

"Na tambayi Hashim ya ce ba komai. Na tambaye ki kika ce ba komai. Jikina yana gaya min wani abu daban, na ce jiki yana ƙarya, 'ya'yana ba sa yi."

Da ya mare ni da ya fi.

Ya ce tun yaushe? Na ce tun bakwai ga wata. Ya ƙirga da yatsunsa a hankali, har ya kai ashirin da biyu. Ya ce, "Kwanakin nan nawa ne, Uwata, ba naku ba." Daga nan ya ce in tashi in ba shi wuri.

Yaya Hashim bai yi min magana ba. Inna 'Yardada ta zubar da jiƙonta a rariya da kanta, ta kife tukunyar, ta zauna a kanta tana kuka ba sauti.

Laraba, 30 ga Yuli, ƙarfe 8:00 na safe

Bai juya fuska bango ba. Ya ci ƙosai uku. Ya tambaye ni ƙarfe nawa ne gobe, kuma sakan nawa suka ce. Ya ce da an yi masa bayani tun farko, ai zuciya ma tana zikiri, ba sai da harshe ba. Ya faɗa ne yana kallon bango, ba ni ba.

Alhamis, 31 ga Yuli, ƙarfe 3:45 na yamma

Yaya Hashim ya biyo mu, ya zauna a gaba kusa da direba, bai waiwayo ba har muka isa.

Kafin gadon ya zarce, Baba ya ce wa Malam Abdulhakeem, "Ɗana, ni ladan ne. Ka faɗi lokacin, sauran ka bar min."

"Ja numfashi. Riƙe."

Layin da ke allon ya miƙe kamar an ja shi da rula. Zagaye na biyu haka, na uku haka. Aka yi allurar, aka ci gaba. Malam Abdulhakeem ya juyo yana dariya ya ce, "Malama, shekarata tara a kan injin nan, ban taɓa samun hoto mai kyan wannan ba. Dubi jijiyoyin, kamar an zana." Na ji wani alfahari ya cika min ƙirji, har na manta abin da muka zo nema.

Yana cikin juya hotunan ɗaya bayan ɗaya, sai dariyar ta ɗauke. Ya koma baya hoto biyu. Ya tsaya. Daga nan ya ce sakamako sai Litinin, likita ce za ta yi bayani, shi aikinsa ɗauka ne kawai. Bai sake kallona ba.

Asabar, 2 ga Agusta, da yamma

Babu abin rubutawa.

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe 4:00 na yamma

Yaya Hashim ya nuna wa Baba bencin nan na waje. Baba ya wuce shi ya tura ƙofar da kansa.

Dakta Maryam ta juyo masa da allon. Hantar tana nan baƙa-baƙa, a cikinta ɗigo farare kamar ƙwayar gero. Ba biyu ba ne. Biyar ne, uku CT bai ma gan su ba. Ba ƙunshin ruwa ba ne. Ba za a yi aiki ba. Ta yi zancen wani magani da ake sawa ta jijiya wanda zai iya rage masa gudu, da maganin ciwo, ta ce ya je ya yi tunani, zaɓinsa ne.

Ni ce na tambaya, don tambayar ta hana ni sakat: da an samu hoton tun ranar kunu fa? Ta girgiza kai. Ta ce alamu sun nuna suna nan tun ranar farko, babu aikin da aka rasa. Da dai an sani da wuri, shi ke nan.

Wato duk haushin da na ji na Inna, da layi, da inji, a banza. Abu ɗaya aka yi asara a watan nan, kuma ni da Yaya muka ɗauke shi.

Baba ya matsa kusa da allon, ya sa tabarau, ya ƙirga su da ɗan yatsa. Ya ce, "Likita, hoton dai ya fito?"

Ta ce, "Ya fito tas, Baba."

Ya ce, "To madalla. Gara da na gani."

A ƙofar asibiti ya dafa kafaɗar Yaya Hashim don ya hau adaidaita, kuma bai ɗauke hannun ba har Koki.

Talata, 5 ga Agusta, bayan magariba

Ya aika aka ce wa Malam Ilu ya huta yau. Ya sa farar riga da zannar da ya fi so, Yaya ya riƙe shi har bakin masallaci.

Da muryar ta fito a lasifika, Inna 'Yardada ta tsaya da ludayi a hannu. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam Ari ya warke ke nan?"  Ni ban yi niyyar ƙirgawa ba, sai na tsinci yatsuna suna yi da kansu.

Ya dawo yana haki, ya zauna a kan buzu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Rabon da ya dube ni ido cikin ido tun Talatar da ta wuce. Ya ɗaga gira.

"Nawa?"

Talatin ta zo min har bakin leɓe. Da ya ji daɗi, kuma da ya yarda.

Na ce, "Sha huɗu, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To. Gobe ma ki ƙirga, Uwata."